Wa Ake Nufi? Nazarin Matsalar Wata Ɗaliba da Badali da Sifa 'Yar Aikatau a Tambayoyin Nahawun Turanci

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa ta kammala sakandare a Kano da sakamako mai kyau a darasin Turanci na jarrabawar WAEC, daga nan iyayenta suka yanke shawarar ta zauna jarrabawar SAT domin neman gurbin karatu da tallafi a wata jami'a ta Amurka. An kawo mini ita saura wata uku jarrabawar, kuma ƙorafin da mahaifinta ya zo da shi gajere ne: yarinya tana karatu ba dare ba rana, tana cin tambayoyin fahimtar labari, amma da zarar an zo kan nahawu sai maki ya zube, ita kanta kuma ba ta iya faɗin inda gizo ke saƙar. Muka tsayar da cewa za mu riƙa zama sau uku a mako bayan sallar la'asar, a falon gidansu, ƙanenta na zaune a gefe yana aikin makarantarsa.

Jarrabawar SAT, wadda hukumar College Board ke shiryawa, ta koma ta kwamfuta a ƙasashen waje a 2023, a Amurka kuma a 2024. Sashen karatu da rubutu yana da tambayoyi 54 da aka raba gida biyu, kowane gida tambayoyi 27 cikin minti 32, kuma wahalar gida na biyu tana danganta ne da ƙoƙarin ɗalibi a gida na farko. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan tambayoyi a kan ƙa'idojin rubutun Turanci suke, wato alamomin rubutu da ginin jimla. Ba a tambayar ɗalibi sunan komai. Ana ba shi gajeren rubutu ne da gurbi a ciki, a jera masa zaɓi huɗu, ya ɗauki wanda ya cike gurbin bisa ƙa'ida.

A zamanmu na farko ban koyar da komai ba. Na ba ta tambayoyi iri-iri na bar ta ta amsa, sannan na bi kurakuran da jan biro ina ware su gida-gida. Abin da ya bayyana shi ne kurakuran ba a warwatse suke ba, kusan dukkansu a wuri biyu suka taru. Na farko shi ne yankin jimla da ke farawa da aikatau mai ɗafa-ƙeyar "-ing" ko "-ed" yana aikin sifa, wanda Turawa ke kira "participle", mu kuma za mu kira shi sifa 'yar aikatau a wannan rubutu. Na biyu shi ne sunan da ake ajiyewa kusa da wani suna domin ya fayyace shi, wanda Turawa ke kira "appositive", masu nahawun Larabci kuma suke kiran makamancinsa badali.

Ga tambayar da ta fi bayyana mini matsalar. Jimlar ta fara da "Completed in 1968," sai gurbi ya biyo baya. Zaɓi na farko shi ne "many towns receive electricity from the Kainji Dam", na biyu "electricity from the Kainji Dam reaches many towns", na uku "the Kainji Dam supplies electricity to many towns", na huɗu kuma "there are many towns that depend on the Kainji Dam". Ta ɗauki na farko. Na tambaye ta sunan yankin da ya buɗe jimlar, nan take ta amsa da Turanci ba tare da gargada ba cewa "participial phrase" ne, yana aikin sifa, yana siffanta suna. Na ce wane suna? Ta ce madatsar ruwa ta Kainji mana, ai ita aka kammala a 1968. Na ce to me ya sa ta zaɓi jimlar da garuruwa suka biyo bayan waƙafi? Sai ta dube ni da mamaki na gaskiya ta ce, "Malam, ai kowa ya san ba gari ake kammalawa ba, ma'anar a fili take."

Wannan amsa ita ce mabuɗin lamarin gaba ɗaya, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Yarinyar ta san sunan abin, ta san aikinsa, ta kuma fahimci ma'anar jimlar daidai. Abin da ba ta sani ba shi ne cewa a rubutaccen Turanci ba hankalin mai karatu ne ke haɗa sifa da abin da take siffantawa ba, mazauni ne ke haɗa su. Duk sunan da ya zauna a matsayin aikau, wato mai aikin babbar jimlar, bayan waƙafin da ya rufe wannan yanki, shi ne ya gaji sifar, ko ma'ana ta yarda ko ba ta yarda ba.

Dalili na farko da na gano yana komawa ga irin horon da ta samu. A sashen fahimtar labari na Turancin WAEC akwai tambayar da kowane ɗalibi ya sani, inda ake ciro wani yanki daga labarin a ce a faɗi sunansa na nahawu da kuma aikin da yake yi. Amsoshi irin su "noun phrase in apposition to the noun" ko "adjectival phrase qualifying the noun" ɗalibai suna haddace su, kuma tambaya ce mai amfani a muhallinta. Sai dai a can jimlar da ake ba ɗalibi lafiyayya ce tun asali, aikinsa kawai ya raɗa wa gaɓarta suna. A SAT kuwa jimloli uku cikin huɗu masu aibi ne, kuma an zaɓe su ne da gangan yadda ma'anarsu za ta shiga kunne ba tare da tuntuɓe ba. Mu malamai mun fi ba da ƙarfi ga raɗa suna saboda shi ne ke kawo maki a jarrabawar da ke gabanmu, kuma ni ma shekaru da dama haka na koyar.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma a cikin Hausa yake. Bahaushe yana cewa, "Yana tafe a gefen titi sai mota ta buge shi," kuma babu aibi ko kaɗan a wannan jimla. Wanda ke tafe daban, wadda ta yi bugun daban, amma ba mai ruɗewa, domin "yana" ya riga ya shaida mana cewa namiji ne tilo, "ta" kuma ta shaida mana cewa mota ce. Lamirin suna a Hausa yana ɗauke da jinsi da adadi duk inda ya je, saboda haka kowane yanki na jimla yana tafe da shaidar mai shi a goshinsa. Idan aka ce "Tana shiga gida yara suka tashi," ko "Suna cikin cin abinci baƙo ya yi sallama," haka abin yake. To amma kalmar Turanci "walking" ba ta da wannan shaida. Ba ta nuna namiji ko mace, ba ta nuna tilo ko jam'i, ba ta nuna mai magana ko wanda ake magana a kansa. Tun da ba ta da mai ita a jikinta, dole ta ara daga maƙwabcinta, kuma maƙwabcin da ƙa'ida ta ba ta shi ne aikau na babbar jimla. Shi ya sa "Walking along the road, a car hit him" take nufin motar ce ke takawa da ƙafa a gefen titi, alhali ɗalibin da ya tashi da Hausa yana karanta ta ya ji ta zauna daram, domin a zuciyarsa ya riga ya sa mata "yana" ɗin da Turancin bai sa ba.

Wannan ya sa na daina kallon kuskuren a matsayin rashin sani. Ƙa'ida ce sahihiya ta harshenta take ɗorawa a kan harshen da ba ya aiki da ita. Kuma idan Hausa ce ke rufe mata aibin, na ga babu abin da ya fi dacewa ya tona shi kamar Hausar.

Hanyar da muka bi mai sauƙi ce. Duk jimlar da ta fara da irin wannan yanki, kafin ta dubi zaɓi ko ɗaya, sai ta juya yankin zuwa Hausa a gefen takarda, kuma Hausa ba za ta bar ta ta tsallake tambayar mai aikin ba, dole ta zaɓi "yana" ko "tana" ko "suna", ko kuma "wanda aka", "wadda aka", "waɗanda aka". Bayan haka sai ta ɗauki sunan da ya biyo bayan waƙafi a kowane zaɓi ta haɗa shi da fassarar ta karanta a bayyane. Da muka koma kan tambayar Kainji, ta rubuta "wadda aka kammala a 1968", sannan ta karanta zaɓin farko: garuruwa da yawa, waɗanda aka kammala a 1968. Ta tsaya. Ta karanta na biyu: wutar lantarki, wadda aka kammala a 1968. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, ashe abin da na rubuta ke nan." Na huɗu ma ta yar da shi da kanta, domin "there" ba wani abu ba ne da za a kammala. Na nuna mata kuma cewa Hausa tana da nata siffofin 'yan aikatau, irin su ginanne, ginanniya, ginannu, ko kammalalle, kammalalliya, kammalallu, kuma ko su ma suna bin jinsi da adadin abin da suke siffantawa, yayin da "built" da "completed" ba sa sauya kama ko da me aka haɗa su.

A mako na biyu ita ce ta kawo abin da ban yi tunaninsa ba. Muna cikin aiki ta ce, "Malam, wannan ai kamar hali ne da sahibul hali." Ashe a Islamiyya ta karanta Ajurrumiyya, ɗan littafin nahawun Larabci na Ibn Ajurrum, malamin birnin Fas da ya rasu a 1323, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai da makarantun Islamiyya na ƙasar Hausa. Ta shiga ciki ta ɗauko nata, duk gefen shafukan cike da fassarar da ta rubuta da fensir. A nahawun Larabci, hali shi ne kalmar da ke bayyana yanayin da ake ciki lokacin aikin, sahibul hali kuma shi ne wanda ke cikin wannan yanayi. A babin hali misalai uku ne a jere. Na farko "ja'a Zaidun rakiban", wato Zaidu ya zo yana haye, inda siffar ta koma ga mai aikin. Na biyu "rakibtul farasa musrajan", wato na hau doki yana ɗaure da sirdi, inda siffar ta koma ga wanda aikin ya faɗa wa, kuma sigarta ta wanda aka yi wa aiki ce. Na uku "laƙitu Abdallahi rakiban", wato na gamu da Abdullahi a haye, inda ana iya fahimtar cewa mai maganar ne ke haye ko kuma Abdullahi. Na gaya mata cewa "rakiban" ɗan'uwan "-ing" ne, domin duka biyu suna nuna mai aikatawa, "musrajan" kuma ɗan'uwan "-ed" ne, domin suna nuna wanda aka aikata wa. Na kuma ja kunnenta cewa kamancin bai kai ko'ina ba, tun da Larabci yana da wasulan ƙarshen kalma da jinsi da ke taimaka wa mai karatu, Turanci kuwa a nan ba shi da komai sai mazauni da waƙafi. Duk da haka, daga ranar tambayarmu ta samu suna. Da ta ga irin wannan yanki sai ta ce a hankali, ina sahibinsa?

Tarko na gaba da ta faɗa shi ne na mallaka, kuma shi ma tushensa a tsarin Hausa yake. Jimlar ita ce "Having worked as a teacher in Bauchi, Tafawa Balewa's speeches were clear and calm." Ta ce daidai ce, domin ga sunan Tafawa Balewa nan daf da waƙafi, kuma shi ne ya yi koyarwa a Bauchi kafin ya shiga siyasa. Na sa ta fassara "Tafawa Balewa's speeches", ta ce jawaban Tafawa Balewa. Na ce to wace kalma ce ta zo farko a Hausar? Ta ce jawabai. A Hausa abin da aka mallaka shi ke gaba, mai shi ya biyo baya, saboda haka idon Bahaushe ya saba ɗaukar kalmar farko a matsayin uwar yankin suna. A Turanci idan aka yi amfani da alamar mallaka ta "'s", tsarin juyawa yake yi, uwar tana ƙarshe. Aikau na wannan jimla jawabai ne, kuma jawabai ba su taɓa koyarwa a Bauchi ba. Gyaran shi ne a dawo da mutumin kansa mazaunin aikau, a ce "Tafawa Balewa gave speeches that were clear and calm". Masu tsara tambayoyi suna son wannan tarko ƙwarai, kuma na lura ya fi kama ɗaliban da suka riga suka fara gane ƙa'idar, domin suna hango sunan da suke nema sai su saki jiki.

Badali bai ba ta wahalar fahimta ba, tun da kullum muna yin sa a Hausa. Muna cewa "Malam Audu, limamin unguwarmu, ya dawo daga Umara," kuma misalin Ajurrumiyya na "ƙama Zaidun akhuka", wato Zaidu ɗan'uwanka ya tashi, yana bakinta. Matsalarta a nan waƙafi ce. Tun firamare an gaya mata cewa ana sa waƙafi ne inda mai karatu zai ja numfashi, saboda haka da aka ba ta "Nigerian novelist Chinua Achebe was born in Ogidi in 1930" sai ta zaɓi amsar da ta killace sunan marubucin tsakanin waƙafi biyu. Ba ita kaɗai ba ce, domin wannan salo ya yawaita a rubutun jaridun Turanci na Najeriya har ido ya saba da shi. Gwajin da na koya mata shi ne na cirewa: duk abin da waƙafi biyu suka killace, tana iya rufe shi da yatsa, kuma dole jimlar ta tsaya da ƙafarta, a kuma ci gaba da sanin wanda ake nufi. Ta rufe sunan ta karanta "Nigerian novelist was born in Ogidi in 1930", ta ji da kunnenta cewa jimlar ta karye, kuma ba a san wane marubuci ba ne cikin ɗimbin marubutan ƙasar. Amma idan aka ce "Chinua Achebe, a Nigerian novelist, was born in Ogidi in 1930", aka rufe tsakiyar, babu abin da ya ɓace sai ƙarin bayani. Na tuna mata cewa mu ma ba ma tsayawa tsakanin muƙami da suna idan muka ce Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, domin sarakunan suna da yawa, sunan ne ke ware wanda ake nufi, ba ƙari ba ne da za a iya yarwa.

Inda abin ya zauna mata sosai shi ne da na nuna ƙanenta da ke gefe na tambaye ta 'yan'uwanta maza nawa ne, ta ce huɗu. Na ce to idan za ta rubuta cewa ɗaya daga cikinsu ya tafi kasuwa, "my brother" da sunansa ba sa son waƙafi a tsakani, domin sunan ne zai nuna wanne daga cikin huɗun. Da a ce shi kaɗai ne gare ta, da "my brother" ya wadatar, sunan ya zama ƙari, waƙafi biyu su killace shi. Da wannan ma'auni ta warware "Nigeria's first prime minister, Abubakar Tafawa Balewa, was born in 1912" da kanta, ta ce na farko ai mutum ɗaya ne, saboda haka sunan ƙari ne. Sauran ƙa'idar ba ta ɗauke mu minti goma ba: alamar da ta buɗe ƙarin bayani ita ce za ta rufe shi, waƙafi da waƙafi, dogon karan ɗori da ɗan'uwansa, baka da baka, ba a gauraya su.

Akwai kuma tambayoyin da badali ba shi ne abin tambaya ba, an dasa shi ne kawai domin ya nisanta aikau daga aikatau. A "Kano, a city of many ancient markets, ______ traders from across West Africa" ta ɗauki "attract" saboda "markets" ce kalmar da ke kusa da gurbin. Na ce ta faɗi jimlar da Hausa, ta ce Kano, birni mai tsofaffin kasuwanni da yawa, tana jawo 'yan kasuwa. Ba ta ce "suna" don kasuwanni ba, ba ta ma ce "yana" don birni ba, bakinta ya tsallake ƙarin ya koma kan Kano ba tare da ta yi tunani ba. Abin da ake nema a Turancin ke nan, kuma yatsan da ke rufe tsakiyar jimla ya isa ya kai ta ga "attracts".

Abubuwan biyu sukan haɗu a jimla ɗaya, kuma a nan ne na ga amfanin koyar da su tare. A "Gidan Rumfa, a palace built in the fifteenth century, still ______ in the heart of Kano" akwai sifa 'yar aikatau a cikin cikin badali. Ta ɗauki "built" a matsayin babban aikatau na jimlar, saboda haka ta cike gurbin da "standing", jimla ta tashi ba ta da aikatau ko ɗaya. Tushen ruɗanin shi ne yawancin aikatan Turanci sigarsu ta shuɗaɗɗen lokaci da ta sifa iri ɗaya ce, "built" da "built", "completed" da "completed", saɓanin 'yan kaɗan irin su "wrote" da "written" da ke bambanta. Hausa ta sake raba gardama, domin tambayar ita ce ko fadar ce ta gina wani abu ko kuwa ita aka gina. Tun da gina ta aka yi, kuma babu "was" a gabanta, to sifa ce, jimlar tana jiran "stands". Haka nan badali yana iya buɗe jimla, kamar "A former teacher, Tafawa Balewa became prime minister in 1957", kuma a nan dokarsa da ta sifa 'yar aikatau ɗaya ce: wanda ya biyo bayan waƙafi dole ya zama shi ne tsohon malamin.

Wuri mafi wuya ya zo a wata na biyu, kuma ina da hannu a wahalar. Saboda ina son ƙa'idar farko ta kafu, na yi ta nanata mata cewa sifa tana manne wa sunan da ke kusa da ita, ban yi togaciya ba. Da ta gamu da "The river overflowed its banks, destroying many farms" sai ta ce jimlar ba daidai ba ce, domin sunan da ke kusa da "destroying" shi ne "banks", kuma ba gaɓar kogi ce ta lalata gonaki ba. Hujjarta ta bi abin da na koya mata sau da ƙafa, amma jimlar lafiyarta ƙalau. Idan "-ing" ya zo a ƙarshen jimla bayan waƙafi, ba sunan da ke gabansa yake kallo ba, yana komawa ne ga aikau da aikin da ya yi, ya faɗi sakamakon aikin ko yanayin da aka yi shi. A Hausa za mu ce kogin ya yi ambaliya har ya lalata gonaki, ko kuma mu ce lamarin da ya lalata gonaki. Idan kuwa babu waƙafin, to a nan ne sifar ke manne wa maƙwabcinta. "The teacher met the boy carrying a bag" yaron ne ke ɗauke da jaka, amma da an sa waƙafi bayan "boy" jakar ta koma hannun malamin. Na ce mata wannan shi ne misali na uku na babin hali, na gamuwa da Abdullahi a haye, sai dai abin da Larabci ya bar wa mahallin magana, Turanci ya ɗora shi a kan ɗigon waƙafi guda. Sai da muka yi zama uku kafin ta saki tsohuwar dokar, kuma na koyi cewa gara a faɗa wa ɗalibi tun ranar farko cewa ƙa'idar tana da fuska biyu, ko da za a jinkirta bayanin ta biyun.

Na ambata mata wasu 'yan kalmomi da Turanci ya yafe wa wannan doka saboda yawan amfani, irin su "generally speaking" da "considering", da kuma yankin da ke zuwa da nasa aikau, kamar "his voice trembling", wanda shi ne ya fi kusa da yadda muke cewa muryarsa tana rawa. Ban tsawaita a kansu ba. Haka kuma na karɓe wasu kwafen tambayoyin gyaran jimla na GMAT, jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, da wani ya ba ta, ba don ƙa'idojin sun saɓa ba, sai don jimlolinsu sun fi tsawo, zaɓinsu biyar ne, kuma ita kanta GMAT ta cire wannan sashe a sabon tsarinta da ya fara a ƙarshen 2023.

Saura batun lokaci. Minti 64 ga tambayoyi 54 yana nufin kusan daƙiƙa 71 ga kowace tambaya, kuma babu mai iya rubuta fassarar Hausa a gefen takarda cikin wannan ƙunci. Ban yi nufin fassarar ta zama abin shiga da shi ɗakin jarrabawa ba, tsani ce ta hawa. A makonnin farko tana rubuta ta cikakkiya, daga baya ta koma rubuta "yana" ko "wadda aka" kawai, a ƙarshe kuma sai ta ɗora yatsa a kan waƙafi ta duba kalmar da ke bayansa. A jarrabawar gwaji da ta yi a Bluebook, manhajar da ake zana SAT a cikinta, cikin wata na uku, kurakuran sifar da ke buɗe jimla da na waƙafin badali sun ɓace, tarkon mallaka ma ta daina faɗa masa.

Ba zan ce wannan hanya za ta yi wa kowane ɗalibi aiki daidai da yadda ta yi mata ba. Ita ta zo da Hausa mai ƙarfi da kuma nahawun Larabci da ta karanta da fahimta, kuma ɗalibin da bai taɓa jin hali da badali ba, ambaton su ƙarin nauyi ne a gare shi. Amma ɓangaren Hausar na gwada shi daga baya da wasu ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC, kuma tambayar "yana ko tana ko suna" tana buɗe musu ido da sauri fiye da duk wani bayani da na taɓa yi da Turanci zalla. Ina ganin kuskure ne yadda ake hana harshen gida shiga ajin Turanci baki ɗaya, alhali a wannan babi shi ne ke nuna wa ɗalibi ainihin abin da Turancin ya rasa da kuma abin da ya sa a madadinsa.

Abin da bai gama zama ba har muka rabu shi ne "-ing" na ƙarshen jimla. Idan tana da natsuwa tana warware shi daidai, amma idan agogo ya matsa a gida na biyu na jarrabawar gwaji, takan koma ga sunan da ya fi kusa ba tare da ta duba ko akwai waƙafi ba. Saboda haka makonni biyu na ƙarshe a kansa kaɗai muka ƙare. Kowane dare tana rubuta jimloli goma nata na kanta, kowace sau biyu, ɗaya da waƙafi ɗaya babu, sannan a ƙarƙashin kowace ta rubuta da Hausa wanda ke ɗauke da jakar. A zamanmu na ƙarshe ta kawo littafin na duba, na sami jimla ɗaya da ta ba yaro jakar alhali ga waƙafi a gabansa, na zagaye waƙafin da jan biro na mayar mata, ta goge "yaron" ta rubuta "malamin".